Curtis Okerlund da Gasar da Bai Ga Ƙarshenta Ba

Daga Allah muka fito, kuma komai daɗewa wurinsa za mu koma. Da safiyar Lahadi, sha huɗu ga watan Yuli, Allah ya karɓi ran aminina kuma abokin tafiyata, Curtis Okerlund, a filin wasan jifan faifai na Kurmin Ardell da ke arewacin Michigan. Reshen itace ne ya faɗo masa a ka, yana taya 'yan sa-kai share hanya bayan guguwar da aka kwana ana yi. Shekararsa arba'in da uku. Ya bar mahaifiyarsa, da matarsa Shawna, da 'yarsu Maren. Ya kuma bar mu, mu da muke yawo gari-gari da jaka a baya, muna neman abinci da jefa faifan roba cikin kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi.

An ce in rubuta wani abu a kanka, Curtis, wai na fi kowa saninka cikin 'yan wasa. Na zauna na tashi ba adadi. Duk layin da na rubuta sai in ji kamar ina amincewa ne da cewa ka tafi da gaske.

A Kansas muka haɗu, ina sabon shiga gasar ƙwararru, ban san kowa ba. Ana gobe za a fara wasa aka fasa gilashin motata a bakin gidan abinci, aka ɗauke jakata da duk faya-fayan da na mallaka. Wanda ba ya wasan nan zai ce ai sai a je kanti a sayo wasu. Mu mun san sabon faifai baƙo ne. Sai ya shekara yana bugun itatuwa, bakinsa ya ɗan cinye, kafin mutum ya san inda zai karkata idan ya bar hannu. Ina zaune a wurin ajiye motoci na haɗa kai da gwiwa, sai ga wani dogo mai jan gemu ya dire jakarsa a gabana ya zuge ta. Kai ne.

Ka ce, "Kai ne aka yi wa sata? Tashi ka zaɓa, zaman nan ba zai dawo da ita ba."

Na ce ba zan iya ba, tunda gobe abokan hamayya ne mu. Ka yi dariya ka ce, "Kai ɗin? Ko jakar duka na ba ka, ba za ka kamo ni ba." Ka raba kayanka biyu, na dogon zango masu kaifin baki da na kusa masu kauri, har da wani tsohon shuɗi da rubutunsa ya goge, wanda ka ce da shi ka koyi wasa. Ka tsaya kana gaya mini halin kowanne: wannan yana jure iskar gaba, wancan kada in matsa masa. Na zo na huɗu a gasar, kai ka zo na biyar. Shekara da shekaru kana ba mutane labarin nan, kullum kana rufewa da cewa ɓarayi biyu aka yi a Kansas, na biyun kuwa kai ka ba shi makami.

Daga nan muka haɗa mota, tsohuwar bas ɗinka da ka cire wa kujeru ka kafa gadaje biyu. Daga farkon bazara har sanyi ya kore mu muna kan hanya, abincinmu burodi da man gyaɗa in an faɗi, gasasshen nama in an samu. Duk filin da ke da tafki, da an tashi wasa sai ka tuɓe takalmi ka shiga laka har ƙugu kana lalube da ƙafa. Faya-fayan mutane kake tsamowa. Ka wanke su, ka shanya a rufin mota, ka bi lambobin wayar da ke rubuce a bayansu kana kira ɗaya bayan ɗaya. Na sha yi maka tsiya cewa motar warin kwaɗi take yi. Amsarka ɗaya ce: "To sauka ka bi mu da gudu, ka sha iska mai daɗi."

Abin da ba ka taɓa samu ba shi ne cin babbar gasa. Ka sha zuwa na biyu har masu sharhi suka mai da abin wasa. Wata shekara faifanka ya daki sarƙar kwandon ƙarshe ya faɗo waje, wata shekara iska ta juya a daidai lokacin da ka saki hannu. Ka je ka rungumi wanda ya ci, ka koma mota ka kwanta ka juya wa duniya baya, kashegari kuma ka tashi kana waƙa. Sannan kafaɗarka ta lalace. Kamfanin da ke ɗaukar nauyinka ya sallame ka, suka daina buga faifan da ke ɗauke da sunanka. Da sanyi sai ka koma garinku Duluth kana kwashe ƙanƙara daga rufin gidajen mutane, da yamma ka shiga garejinka kana koyon jifan gefe, wanda bai cika wahalar da kafaɗa ba, daga tushe, kamar wanda bai taɓa riƙe faifai ba. Shawna ta yi haƙuri da rayuwar nan iya haƙuri. Bana ka yi mata alkawari wannan ce shekarar ƙarshe, ko ka ci ko ba ka ci ba, za ka koma gida.

Ranar Asabar, ana gobe za ka rasu, a gasar Kurmin Ardell ina rukuni ɗaya da kai, kuma ban taɓa ganin mutum ya yi wasa irin wanda ka yi ba. Kurmi ne mai matsattsun hanyoyi, yara masu rabin shekarunka suna ta dukan itatuwa, naka faifan kuwa yana ratsawa kamar an buɗe masa ƙofa. A kwandon ƙarshe ka jefa daga nesa, ta tsakanin itace biyu, sarƙoƙi suka yi ƙara, jama'a suka ɗauki ihu. A wasan nan mai ƙarancin jifa ne a gaba, ka wuce kowa da tazarar jifa uku, saura zagaye ɗaya. Da yamma muna gasa masara a bayan mota ka dube ni ka ce, "Dez, yau ni ne a gaba. Ashe haka na gaba suke ji?" Ka kira Shawna. Ta ce da asuba za ta kamo hanya ita da Maren su ga ƙarshen wasan.

Gari ya waye itatuwa a zube ko'ina. Masu shirya gasa suka nemi 'yan sa-kai, babu wanda ya nemi 'yan wasa. Na ce maka ka zauna ka huta wa kafaɗar nan, kai ne a gaba. Kana sa safar hannu ka ce, "Rabin mutanen can ba su taɓa riƙe zarton inji ba. In ban je ba sai yamma ba a fara ba, ga yarinyata tana hanya." Na bi ka. Ina gefe ina jan rassa, kai kana durƙushe kana yanka wani gungume da ya tare hanya. Ashe akwai reshen da iska ta karya ya maƙale a sama, babu wanda ya gan shi. Ƙara ɗaya na ji. Kafin motar asibiti ta samu hanyar shigowa kurmin, ka riga ka cika, kanka a kan cinyata.

Ni na tari Shawna a bakin ƙofar fili. Ta fito daga mota tana murmushi, Maren sanye da tsohuwar rigarka ta wasa wadda ta kai mata gwiwa. Shawna ta ce, "Dez, ina mutumin? Kada ka ce mini har yanzu yana cikin tafki." Sai ta dubi wandona da jini ya ɓata. Ban tuna abin da na faɗa ba. Na dai tuna ta sa hannu ta juya fuskar Maren zuwa wajen mota.

Aka soke zagayen ƙarshe. Ƙa'ida ta ce idan haka ta faru, wanda yake gaba shi ya ci. Aka rubuta sunanka a saman allo, Curtis, a ranar da aka sa ka a ɗakin ajiye gawa. Tun daga lokacin mutane suke dafa kafaɗata suna cewa ko ba komai ka tafi da nasara. Na san da alheri suke faɗa, amma ni ban ga nasarar ba. Abin da ka nema shi ne ka tsaya a gaban kwandon ƙarshe, 'yarka tana kallo, ka jefa da hannunka. Ba ka samu ba, kuma ba za ka samu ba. Mako na zagayowa motoci suka wuce gari na gaba, aka kafa tutoci, aka ci gaba da wasa. Ba na ganin laifin kowa, da shi ake cin abinci. Ni dai na dawo gida. Akwai kwando a bayan ɗakina, na lulluɓe shi da tamfol, domin ko iska ce ta kaɗa sarƙoƙin sai in tuna da kai. Ban san ko zan sake jifa ba, kuma ban san wata sana'a ba.

Allah ya jiƙanka, Curtis. Allah ya gafarta maka kurakuranka, ya saka maka da alherin da ka yi wa waɗanda ka sani da waɗanda muryarsu kawai ka ji a waya. Allah ya haskaka makwancinka, ya ba ka hutun da ba ka samu ba a kan hanya.

Shawna, ba ni da kalmar da za ta kai girman abin da ya same ki. Allah ya ba ki haƙuri da ƙarfin riƙon gida, ya raya Maren, ya sa ta girma ta san wane ne ubanta. Ina miƙa ta'aziyya ga 'yan uwansa na Duluth, da 'yan wasa duka, da bayin Allah da suka ɗauko shi tare da ni daga cikin kurmi.

Sai ke, Mama Lois. Duk rayuwarsa kina ganin wasan yara ɗanki ya ɗauka sana'a, ba ki taɓa zuwa fili ba. Bayan an fito daga coci kin riƙe hannuna kin ce, "Ɗana, gaya mini gaskiya, ya iya abin nan kuwa?" Kuka ya hana ni ba ki amsa a ranar, shi ya sa nake ba ki yanzu. Ya iya, Mama. Ranar Asabar ɗin nan babu wanda ya kai shi a duniya. Allah ya ba ki haƙurin rashinsa, amin.

Desmond Yarbrough