Malam Filibus Nomau, Mai Jin Kowa

Ranar Talata, 12 ga Maris, 1985, da hantsi, labari ya iso mu a Boɗinga cewa Allah ya yi wa katikis ɗinmu, mai koya mana addini a coci, Malam Filibus Nomau, rasuwa a asibiti a Sakkwato. Kwana biyu kafin nan masu noman albasa suka tsince shi kwance a gefen hanya, kekensa a kansa, yana dawowa daga jagorantar 'yan'uwanmu na Shagari a sujadar Lahadi. Ya bar matarsa Amina da 'ya'ya biyar, ya bar mu mu ma da ba mu kai mutum sittin ba a 'yar majami'armu.

Malam, ni ne Luka, malamin firamare, shugaban kwamitin coci, wanda ya fi kowa yi maka gardama. An ce in rubuta wani abu a kanka domin na iya alƙalami. Da sun san abin da ke cikina da sun ba wani.

Ka zo mana a shekarar 1979, lokacin da Fada, limamin cocinmu, ba ya samun zuwa daga Sakkwato sai sau ɗaya a wata. Kafin zuwanka, mu maza huɗu na kwamiti ke yanke komai, sauran su ji a sanarwa. Kai ka kawo mana zaman tabarma. Bayan sujada sai a fito inuwar dogon yaro, a zauna a ƙasa, kowa ya faɗi abin da ke damunsa, ba mai katse wani. Tsofaffin mata ke farawa, sai sauran mata, sai maza, kai ne na ƙarshe. Ko Fada in ya zo, sai ya jira layinsa. Ni kuwa haushi nake ji. Ina ganin ɓata lokaci ne mai takardar shaidar malanta ya zauna yana sauraron mai tuyar ƙosai, na kuma faɗa maka haka ba sau ɗaya ba. Sai ka yi murmushi ka matsa mini wuri a tabarmar.

Shekarar da aka yi fari, 1983, ita ta koya mini hankali. Mata suka daina zuwa sujadar ƙarfe takwas na safe. Lahadi uku a jere benci ɗinsu ba kowa. Mu na kwamiti muka gama shawara cewa sanyin bangaskiya ne, za mu kai ƙararsu wurin Fada a hana su karɓar Jibin Ubangiji, wato gurasa mai tsarki. Har na rubuta wasiƙar. Ka roƙe ni in riƙe ta mako ɗaya, ka bi gida gida ka tara su da yamma, ka kira mu ma na kwamiti. Ba ka gaggauta su ba. Daga baya tsohuwa Saratu ta dube ni ta ce, "Malam Luka, ruwan da kaka wanka da shi ran Lahadi, ka san sa'ad da anka ɗebo shi? Rijiya ba ta kawo ruwa sai da asuba. In munka bar layi munka taho coci, mi ɗiyanmu za su sha?"

Ba namiji ɗaya a cikinmu da ya taɓa tsayawa a layin rijiyar nan. Mun ɗauko ƙarfe takwas ne daga babban coci na birni, ba mu tambayi kowa ba. A wurin aka mai da sujada bayan la'asar, matan suka dawo duka. Na yaga wasiƙar a hanyar gida, kunya ta hana ni cin tuwo ranar.

Daga nan na ɗauka na koyi sauraro. Ashe ban koya ba.

Malam, a watan Janairun nan, zaman ya yi tsawo, rana ta kusa faɗuwa, mutane sun fara kaɗe tabarmi. Da layi ya zo kanka ka ce a hankali, "Ƙahwahuna sun hwara gajiya. In da wani za shi karɓe mini tahiyar Shagari, ko sau guda ga wata." Na ji ka sarai. Amma na ce lokaci ya ƙure, a bar shi sai zama na gaba. A zama na gaba ban tayar da maganar ba, kai ma ba ka sake ba. Ina da babur a ɗaki, Malam. Kai keke kake turawa cikin zafin nan, kana azumi.

Ranar zaman makoki maƙwabcinka Malam Mijinyawa, mai makarantar allo, ya zo da mutanensa suka zauna tare da mu har kwana uku. Shi ya gaya mini tun kaka kake fama da ciwon ƙirji, har yakan ji tarinka ta kan katanga ya aiko maka da jiƙo. Ya yi zaton mun sani. Shekara shida kana jin kukan kowa, sau ɗaya tak ka kawo naka, ni kuma na ɗage shi.

Inna Amina, ban iya faɗa miki wannan ba da na zo gaisuwa, shi ya sa na rubuta. Ki yafe mini. Allah ya ba ki haƙuri, ke da babban ɗanki Musa da ƙannensa, ya tsaya muku a wannan lokaci mai wuya. Ina miƙa ta'aziyya ga dangi, da 'yan'uwa na Shagari da Danchaɗi, da Zumuntar Mata ta coci, da maƙwabtanmu da suka ɗauki wannan rashi kamar nasu.

Ubangiji Yesu ya karɓi bawansa Filibus, ya gafarta masa kurakuransa, ya ba shi hutawa ta har abada cikin haskensa. Ya Ubangiji, mu ba mu ji shi ba. Kai ka ji shi. Amin.