Inuwar da Aka Ba Akwati

Shekarar da ɗana ya haƙa mana rijiyar burtsatse a gidanmu na Fadaman Mada, ita ce shekarar da na rasa wurin zamana. Mai haɗa wuta ya zo da wani akwatin ƙarfe, wai shi ke sarrafa injin jan ruwa. Ya zagaya gidan yana dafa bango, har ya tsaya a rumfata, inda iska ke ratsowa ta lungu. Nan tabarmata take, nan randata take a kan jiƙaƙƙen yashi.

Ya ce akwatin ba ya son zafi. Sai dai a kafa shi nan, a bar tazara tsakaninsa da bango, kada danshi ya kusance shi. Randa ta tashi ke nan, tabarma ta bi ta.

Na ce wa ɗana, "Ni kuwa wa ya gaya maka ina son zafi?"

Ya yi dariya ya ce, "Inna, ke ai kin saba. Shi in ya ƙone, sai an aika Kano."

Aka mayar da ni ƙarƙashin kwanon da ke gasa mutum bayan azahar. Da bazara ta tsananta, sai ga ɗana da 'yar fanka, ya ɗaura wa akwatin. Ni ma bai manta da ni ba, Allah ya yi masa albarka. Mafici ya sayo mini a Muda Lawal.