Robar da Alhaji Bawa Ya Shayar

Cikin duk shekarun da na yi a ɗakin gwaji na kamfaninmu, ranar da ta ƙi fita raina ita ce Larabar da na koma Kebbe na tarar robarmu ta yi ƙiba. Domin sababbin ma'aikata nake rubuta wannan, kuma daki-daki zan bi shi.

Da farko, aikin kansa. Idan an haƙa rijiyar mai, wani dutsen ba ya sakin man sai an tura masa ruwa da ƙarfi ya tsattsage. Sashe-sashe ake fasa shi, saboda haka dole a toshe tsakanin bututu da bangon rijiya. Abin toshewar muke haɗawa: roba mai kauri da ake sa wa bututu kamar hannun riga. Siririya take shiga rijiya, in ta sha ruwa sai ta kumbura a hankali ta kama bango. Injiniya ke tsara haɗin. Ni mai awo ne, in auna in rubuta.

Na biyu, yadda Kebbe ta shigo maganar. Shugabar sashenmu, Injiniya Rabi, ta yi sabon haɗi wanda a takarda sai ya kwana goma cikin ruwa kafin ya kumbura. Aka ce a fara gwada shi a wata rijiyar burtsatse mai zurfi da ake haƙawa bayan garin Kebbe. Da yake ni ɗan Tambuwal ne, aka ɗora mini kai robar. Guda ɗaya ce tak, wata uku ana haɗa ta. Injiniya ta ce, "Malam Sani, in ta lalace a hannunka, kada ka dawo da ita. Kai ma kada ka dawo."

Ranar Lahadi na isa, Injiniya kuwa sai Alhamis za ta zo. Na ga ina da sararin zuwa Tambuwal in duba mahaifiyata. Sai na kai bututun da robar ke jikinsa zauren Alhaji Bawa, wani dattijo mai sayar da goro kusa da wurin haƙar. Sharaɗi uku na ba shi: kada rana ta taɓa ta, kada awaki su ɗanɗana, a ajiye ta wuri mai sanyi.

Ya ce, "Ɗana, shekara arba'in nika ajiyar goro, ko ƙwara ba ta taɓa bushe man ba. Tafi ka gai da tsohuwa."

Ya kamata in tsaya in yi tunani a kan wannan magana. Ban tsaya ba.

Laraba bayan La'asar na dawo. Na tarar an naɗe bututun da jiƙaƙƙiyar algarara, buhun da ake naɗe goro, an lulluɓe da ganye, Alhaji na tsugune da buta yana yayyafi. Na kware. Na auna sau uku. Robar ta fi bakin rijiyar faɗi da yatsa biyu.

Na ce, "Baba Alhaji, me aka yi mata?"

Ya ce, "Ai sanyi kac ce. Bayan Asuba in ba ta ruwa, bayan La'asar in ƙara. Wagga aba akwai sha, ɗana. Duba yadda ta murje. Da kak kawo ta duk ta rame, har tausai ta ba ni."

Mutumin ya girmi mahaifina, kuma alheri ya yi mini. Na yi masa godiya kamar yadda aka koya mana, sannan na zagaya bayan zaure na zauna a ƙasa.

Na uku, ƙoƙarin ramar da ita. Na shanya ta a sauran ranar da ta rage, na karya dokata ta farko da hannuna. Wani mahauci maƙwabcin Alhaji ya ce a yi mata yadda ake yi wa ɗanyar fata, sai muka goge ta da gishiri mudu biyu. Gishirin ya kira awakin unguwa, na kwashe safiyar washegari ina korar su da hula. Wanzami ya zo da askarsa ya ce zai rage mata a kyauta, ba wanda zai gane. Na ƙi, amma gaskiya sai da raina ya ɗan biya tukuna. Duk wannan wahala, kaurin farce ta ragu.

Alhamis da azahar Injiniya ta iso. Na faɗa mata komai a tsaye, ban rage ba. Ba ta ko dube ni ba. Ta auna robar, ta durƙusa ta gai da Alhaji, ta ce, "Baba, ruwa nawa ta sha?"

"Buta bakwai, ɗiyata. Ban taɓa tsallake mata ba."

Ta juyo gare ni ta ce, "Buta bakwai a kwana uku, mu kuma mun rubuta kwana goma a nutse. Haɗin nan haɗama gare shi. Da rijiyar mai muka kai ta, inda bututu kan daɗe kafin ya kai ƙasa, da a hanya za ta maƙale ta toshe komai."

Aka koma aka sake haɗin. Ba a kore ni ba, amma takardar gargaɗi ta barin kayan aiki tana cikin fayil ɗina har yau, kuma na cancance ta.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu ba sa karɓar amana su jingine ta, sai sun kula da ita iyakar saninsu. In za ka bar kaya, ka faɗi abin da za a yi, ka kuma faɗi abin da ba za a yi ba. Tun daga lokacin kowane akwati da ya fita ɗakinmu ni ke rubuta masa da babban baƙi: KADA A BA TA RUWA.

Alhaji Bawa kuwa har yanzu in na ratsa Kebbe sai ya tare ni ya ce, "Ina labarin baƙuwata? Suna dai ba ta ruwa kan lokaci?"