Tirelar da Take Cin Taya

Shekarun baya, tun Babana yana da ƙarfin jan koma, na taɓa tsintar kaina tsakanin mutum biyu da ba na iya rabuwa da ko ɗaya, kuma duk a kan tayar tirela.

Babana masunci ne. Kwale-kwalensa na katako ne, ya girme ni, kuma kowa a gidanmu ya san in ka ɗauke Inna shi ne a gaba a zuciyar Baba, mu 'ya'ya sai mu bi layi. Baba ba ya zama a ruwa ɗaya. Yau yana dam ɗin wajen Kabo, jibi ya ji labarin kifi a gefen Getso sai ya ce a kwashe. Ni ne direba, da tsohuwar a-kori-kurar da muke kai kifi kasuwa. A bayanta muke ɗaure jirgin, rabinsa na reto a waje da jan ƙyalle, ina tuƙi ina salati.

Ina da aboki mai walda, tun muna makarantar allo muke tare. A lokacin bai daɗe da buɗe shagonsa a Gwarzo ba, yana haɗa ƙofofi da amalanken shanu, aiki ya fara shigo masa. Ni na kawo shawarar ya ƙera mana 'yar tirela mai taya biyu da za mu riƙa jan jirgin da ita. Ya zo har bakin ruwa, ya sa aka cicciɓi kwale-kwalen a kan tudu don ya ji nauyinsa, ya auna tsawo da faɗi, ya koma ya zuba basirarsa. Ranar da ya gama har shuɗin fenti ya yi mata. Baba ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa, ya ce ba laifi. A bakin Babana wannan kirari ne.

Ba a jima ba ta fara cin taya. Wani irin ci ne kuma: gefen waje yana nan da zanensa kamar sabo, gefen ciki ya suɗe har ana ganin waya. Na kai wa mai faci, ya ce iska ce ba ta isa ba. Muka ƙara iska. Wani bakanike ya ce boris ne, wato ƙwallayen da taya ke juyawa a kansu, ruwa ya shiga ya wanke giris. Muka sauya boris, muka cika giris har yana tsiyaya. Aka sa wasu tayoyin, su ma suka bi sahun na farko. Ni ma na ba da tawa fatawar, na ce tayoyin gwanjo ne ba su da albarka, na faɗe ta da ƙarfin hali kamar a gidan taya aka yanke mini cibiya.

Abokina kuwa abin ya tsaya masa a rai. Duk lokacin da na kai masa ita sai ya ɗaura igiya daga hancin tirelar zuwa kan kowace taya, ya ga tsawo ɗaya ne. Ya kwanta a ƙasa ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan aksul, wato sandar ƙarfen da ta ratsa ƙarƙashi ta riƙe tayoyin biyu, ya ga babu inda ta lanƙwashe. Sai ya tashi ya karkaɗe riga ya ce shi dai bai ga komai ba, amma ruwa ba ya tsami banza.

Wata rana a hanyar Durun tayar hagu ta fashe. Tirelar ta yi gefe, jirgin ya zame ya bugi kututture, katako ɗaya ya tsage. Allah ya taƙaita, ba wanda ya ji ciwo. Amma na ga fuskar Baba yana shafa tsagin nan da tafin hannu, na san akwai magana. Ranar kasuwa, a rumfar masu kifi, wani ya tambaye shi labarin tirela. Baba bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Wanda bai iya ba, da ya ce bai iya ba."

Da ni na faɗa, da iska ta kwashe. Amma Baba mutum ne da ba ya yawan magana, don haka idan ya yi ɗaya sai a ɗauke ta a kai gida. Wani manomi da ya ba abokina aikin amalanke ya zo ya ce a dakata tukuna. Wani ya kwashe ƙofofinsa ya kai wani shagon. A majalisa aka laƙaba masa Injiniya Karkace, ana faɗa ana dariya, shi ma yana yaƙe. Kafin kaka na ji yana neman mai sayen injin waldarsa, wai kawunsa ya samo masa aikin gadi a kudu. Na rasa inda zan sa kaina. Ni na kawo shi, ubana ne ya yi maganar, kuma ba ni da bakin cewa Baba bai kyauta ba, don jirginsa ne ya tsage.

Ana cikin haka ya same ni ya ce yana da roƙo ɗaya. Yana so ya bi mu a babur ranar da za mu ɗauki jirgin, ya ga tirelar tana tafiya da idonsa. Ya ce, "Tafiya kudun ba ta dame ni ba. Amma ba na son in tafi ban san me na yi ba daidai ba."

Bai zo bakin ruwa ba, kunyar masunta yake ji. A bakin titi ya jira mu, muka wuce ya biyo baya. Ban faɗa wa Baba ba, yana zaune a gaba yana jan carbi. Ba mu yi nisa ba na faɗa wani rami, sai na ji hon ba ƙaƙƙautawa. Na tsaya. Ga abokina ya sauko daga babur sharkaf, ruwa na ɗiga daga hularsa, alhali ko gajimare babu a sama.

Bai ko goge fuska ba ya tsuguna a bayan tirelar ya yafito ni. Abin da na gani ya ba ni mamaki. Tayoyin sun yi gwame, samansu ya karkato ciki, ƙasansu ya buɗe, aksul ɗin kuma ta yi ciki kamar igiyar shanya da aka cika wa wanki. Duk nauyin a gefen ciki yake sauka. Ya miƙe ya leƙa cikin jirgin. Ruwa ne kwance har rabin ƙwauri, ga jiƙaƙƙiyar koma a kai.

Ya gaida Baba da ladabi, sannan ya ce, "Baba, wannan ruwan fa?"

Baba ya dube shi kamar ya tambayi me ya sa ake sa gishiri a miya. Ya ce, "Ruwan jirgi ne mana. Ana ɗaukar jirgin katako cikin rana ba ruwa? Ai kafin mu isa ya bushe ya buɗe baki."

Gaskiyarsa ce, haka kowane masunci yake yi. Ni kaina tun ina ƙarami nake miƙa masa bokiti idan an gama ɗora jirgi, ranar ma ni na miƙa. Ban taɓa lissafa shi a cikin kaya ba. Abokina jirgi busasshe ya ɗaga ya ƙera wa tirela, kuma kullum fanko nake kai masa ita, ta miƙe sarai kamar ba ita ba.

Muka kwashe ruwan a nan bakin hanya. Muna kwasa tayoyin suna miƙewa a hankali. Baba ya tattare riga ya tsuguna yana kallo har aka gama.

Gyaran bai ba da wahala ba. Abokina ya samo aksul mai kauri ta tsohuwar mota, ya ɗan ba ta doro a tsakiya yadda idan kaya ya hau za ta zauna daidai, ya ƙara sifirin, ya sake jan igiyarsa, wannan karon da jirgin a kai. Batun ruwa kuwa Baba ya ce ba zai kashe jirginsa don taya ba. Inna ce ta raba gardamar daga bakin murhu, ta ce a jiƙa buhunan algarara a shimfiɗa a ciki, ai haka take hana ganyenta yaushi. Aka gwada, katako bai bushe ba, taya ta daina suɗewa.

Ni a zatona magana ta ƙare. Sai ranar kasuwa Baba ya ce in kira masa abokina. Ya kama hannunsa har rumfar masu kifi, ya jira aka taru, ya ce, "A nan na yi magana, a nan zan janye ta. Aikin yaron nan ba shi da aibu. Ni na ɗora wa ƙarfensa abin da ba a faɗa masa ba, na zo na ɗora masa laifi. Ɗana, ka yafe mini."

Abokina ya durƙusa a gabansa. Ni kuwa sai na juya ina duba kifin da ba saye zan yi ba, don idona ya cika. Tunda nake ban taɓa jin Babana ya nemi afuwar wani a gaban jama'a ba, balle sa'an ɗansa.

Ba a sayar da injin ba. Manomin nan ya dawo da kansa, har yana cewa shi dama bai yarda da zancen ba.

Yanzu Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. Idan na tuna wannan abu godiya nake ji har cikin raina. Ina gode wa abokina da ya zaɓi ya bi mu a baya ya gano, maimakon ya tafi da haushinmu. Tun daga nan kuma idan na ga mutum ya karkace, nakan so in fara sanin me aka ɗora masa. Amma babbar godiyata ga Baba take. Da ya so, da ya yi shiru ya bar tayoyi su wanke yaron a hankali, ba mai cewa ya yi laifi. Bai yi hakan ba, ya sauke girmansa a tsakiyar kasuwa.

Ranar jana'izarsa abokina ne ya shiga kabari tare da ni muka karɓe shi. Da muka fito wani baƙo ya tambaya a cikinmu wane ne ɗan mamacin. Kafin in buɗe baki, wani tsohon masunci ya ce masa duka biyun.