Tsamin Bakin Dona Graciete

Duk wanda ya saba shiga kasuwar kifi ta garin Olhao da ke bakin teku da sassafe ya san muryar Dona Graciete kafin ya san fuskarta. Tun tana 'yar shekara goma sha huɗu take tsaye a bayan teburin da uwarta ta bar mata, tana fafe kifi tana kiran masu saye. Idan ta ɗaga murya ta ce kifin sadin ya iso, har masu gyaran koma a bakin ruwa sai sun waiwayo.

Mijinta Amilcar makanikin injin jirgin ruwa ne, shi ma ba baya ba wajen surutu. Shekara talatin da shida suka yi suna musu a kan komai, daga gishirin miya har inda iska za ta kaɗo gobe, kuma ba a taɓa jin ɗayansu ya kwana da fushin ɗaya ba. Sai wata bazara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Ƙafa ta dawo, hannu ya dawo rabi, amma harshe ya yi nauyi. Ranar da ya fara fita shagon kofi, sau uku mai shagon yana cewa ya maimaita abin da yake so. Amilcar ya ɗauki hularsa ya koma gida, daga ranar kuma ya rufe bakinsa. In yana son burodi sai ya nuna da yatsa. Gidan ya yi tsit, Graciete ta rasa abokin musu, har girki ya daina yi mata daɗi.

Ana cikin haka haƙoranta na ƙasa, waɗanda dama a cunkushe suke tun ƙuruciya, suka fara ji mata ciwo a dasashi. 'Yarta Lurdes ta ja ta wurin likitar haƙori. Likita ta ba ta wata roba garai-garai da ake kifawa a kan haƙora, ta ce ta bar ta a baki dare da rana, sai in za ta ci abinci, kuma duk mako biyu a sake sabuwa. Ta ƙara da cewa magana za ta ɗan canza kafin harshe ya saba, maganin abin kuwa shi ne yawan karatu da ƙarfi.

Graciete ba ta ɗauki gargaɗin da muhimmanci ba sai washegari a kasuwa. Ta buɗe baki za ta ce sadin sabo, abin da ya fito shi ne "shadin shabo", da wani ɗan fito a ƙarshensa kamar na butar shayi. Celeste mai sayar da jatan lande a gefenta ta riƙe ciki don dariya.

"Ke Graciete, da tsufanki za ki koma tsamin baki? Ko a nemo mai goya ki ne?"

Graciete ta so ta rama, amma duk baƙar maganar da ta zo mata akwai harafin 's' a ciki. Ranar nan da nunin hannu ta yi ciniki. Tana wanke teburinta ne abin ya faɗo mata a rai: wuni ɗaya kawai ta yi a haka, ga shi ƙirjinta ya yi nauyi, mutumin da ta baro a gida kuwa wata bakwai ke nan.

Da la'asar ta zauna a kicin ta buɗe jarida, ta hau karanta labarin yanayi da ƙarfi kamar yadda likita ta ce. Amilcar yana kujerarsa kusa da taga. Ta yi tuntuɓe a kalma ɗaya, ta sake, yawu ya fantsala a kan jaridar. Sai ta ji wani sauti a bayanta. Ta juya, ta ga kafaɗunsa suna rawa, dariya yake yi har da hawaye.

"Sa...ma," in ji shi, da ƙyar. "Ba shama ba."

Ba ta nuna masa ta ji daɗi ba. Ta harare shi ta tura masa jaridar.

"To malamin makaranta, tunda ka fi ni iyawa, karanta mu ji."

Ya karanta layi ɗaya. Ya ɗauki lokaci, rabin kalmomin ba su fita ba, ita kuma ta gyara masa biyu da nata karyayyen harshen. Daga ranar kullum bayan cin abincin rana sai su raba jarida, ita layi ɗaya shi layi ɗaya, kowa yana kama kuskuren ɗan'uwansa.

Cikin mako uku harshenta ya saba da robar, muryarta ta koma yadda take a kasuwa. Amma da ta tako ƙofar gida sai ta mayar da tsamin bakin, don tana tsoron in ta warke ita kaɗai zai sake yin shiru. Wata huɗu tana haka. Rannan suna ɓare wake sai ya dube ta ya ce, a hankali, kalma bayan kalma:

"Matar nan, ki huta. Lurdes ta gaya mini a kasuwa ras kike magana."

Ta tambaye shi tun yaushe ya sani. Ya ce tun kafin hunturu, ya ƙyale ta ne don abin yana ba shi dariya. Ta jefe shi da ɓawon wake, sannan ta tashi ta tsaya a gaban murhu ta daɗe ba ta juyo ba.

Haƙoran sun miƙe bayan shekara ɗaya da wata biyu. Maganar Amilcar ba ta koma kamar da ba, har yau tana jan ƙafa, in ya gaji kuma takan ƙi fita. Amma kowace Asabar yana sa rigarsa mai kyau ya bi ta kasuwa, ya zauna a kan akwatin kifi, yana gaya wa masu saye wanne za su gasa, wanne kuma ya fi dacewa da miya.