Ruwan Maman Rifkatu

Har yau ban manta da ranar da na ɗauki bokiti na wanke allon masu gudummawa da hannuna ba, a gaban yara da iyayensu. Ku sababbin malamai kun sha tambayata abin da ya fi tsaya mini a rai cikin shekarun da na yi ina hedimasta. To ga shi, amma kada ku zaci labarin bajinta ne, don ni ne mai laifi a cikinsa.

A lokacin ina riƙe da wata firamare a wani ƙauye da ke gefen hanyar Kafanchan zuwa Fadan Kagoma. Ruwan farko na shekarar ya zo a ƙarshen watan Maris, iska ta fi ruwan yawa. Ta yaye rufin ɗakin 'yan aji shida, ta kuma rusa bangon gabas har ƙasa. Ubangiji ya taimake mu ranar Asabar ce, babu yaro a ciki. Ranar Litinin na bi ƙa'ida: hedimasta ya rubuta takarda, sufeton makarantun yankin ya zo ya gani ya sa hannu, sannan takarda ta wuce ofishin ilimi. Sufeton ya zo, ya zagaya, ya ja ni gefe ya ce, "Malam Bitrus, makarantun da iskar nan ta taɓa suna da yawa. In ka ce sai layi ya zo kanka, damina za ta same ka a gindin mangwaro. Kira iyaye."

Kowace makaranta tana da ƙungiyar iyaye da malamai, iyaye ne ke zaɓen ciyaman, hedimasta kuma shi ne mai ba da shawara. Namu ciyaman shi ne Baba Yohanna, dattijon ikilisiya, manomin citta, mutumin da sai ka yi magana goma kafin ya yi ɗaya. A taron aka yarda kowa ya kawo abin da ya iya, siminti ko kwano ko katako ko kuɗi, maza kuma su yi gayyar buga bulo kowace Asabar. Fasto ya ba mu aron ɗakin taro na coci, aji shida suka koma can.

Daga nan ne wayona ya motsa. Ni a Kafanchan na tashi, inda in ana lanchin a coci, wato taron tara gudummawa, ake kiran sunan mutum a lasifika ya miƙe ana tafi, na kusa da shi ya ji haushi ya ƙara a kan nasa. Sai na sa aka jingina tsohon allo a gindin mangwaron bakin ƙofa, na ja layuka: suna, siminti, kwano, katako, kuɗi. Ban tsaya nan ba. Kullum da safe a wurin asambuli nakan karanta sababbin sunaye, ɗan mai sunan ya fito gaba a tafa masa. Baba Yohanna ya tsaya ya daɗe yana kallon allon, ya ce, "Hedimasta, allon nan zai yi magana fiye da yadda kake so." Ni kuwa na ɗauka yabo ne, har na yi masa godiya.

Gaskiya abin ya yi aiki. Siminti ya riƙa shigowa a kan babur, wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa mai suna Mista Dogara ya kawo mafi yawa, ya kuma yi alkawarin kwano. Kaina ya kumbura, ina tafiya ina jin babu hedimasta kamata a yankin.

A mako na uku, ranar Laraba, Malama Kande mai aji shida ta same ni a ofis ta ce, "Sa, yau kwana huɗu Rifkatu ba ta zo ba." Rifkatu ita ce ta ɗaya a ajin, yarinyar da takan gama lissafi kafin malama ta ajiye alli. Kuma ranar Juma'a mai hoto zai zo daga Kafanchan ya ɗauki 'yan aji shida don fom ɗin jarrabawar shiga sakandare, Litinin in kai fom ofis. Wanda hotonsa ba ya ciki ya rasa shekarar. A ƙauyen nan kuwa yarinyar da ta rasa shekara da wuya ta dawo, yawanci wata 'yar uwa ce za ta zo daga Abuja ta tafi da ita aikatau.

Da aka tashi na nufi gidansu. Mahaifin ya rasu, uwar, Maman Rifkatu, ƙwadago take yi a gonakin mutane. Lokacin shukar citta ne, ta dawo ke nan daga ɗaukar ganyen da ake rufe gona da shi. Ta ba ni kujera, muka gaisa, na tambayi ko yarinyar ba ta da lafiya.

Ta ce da irin Hausar ƙauyen, "Lafiyansa ƙalau, Hedimasta. Ni ban hana ba. Yarinyan ne ya ce ba zai je ba. Duk aji an tafa wa kowa, saura shi kaɗai. Yara suna kiransa Ba-Suna."

Kunya ta rufe ni. Ni da bakina nake karanta sunayen nan kowace safiya, ban taɓa juyawa na dubi waɗanda ke tsaye a layi ba a kira su ba. Sai na yi irin dabarar mai laifi, na ce zan sayi fallen kwano ɗaya gobe in rubuta sunanta. Ta girgiza kai ta ce, "Kowa a garin nan ya san abin da ke cikin tukunyana. Za su ce hedimasta ya rubuta ƙarya, kuma gaskiyan su ne."

Sai na ji murya daga cikin ɗaki, Rifkatu ce, ashe tana jin mu. Ta ce, "Sa, ba a rubuta ruwa ne?"

Uwar ta daka mata tsawa ta yi shiru, amma magana ta riga ta fita. Ga abin da ban sani ba. Bulon siminti yana bukatar a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har ya yi ƙarfi, rijiyar makaranta kuwa ta ƙafe tun watan Fabrairu. Duro biyu muka ajiye a wurin ginin, kullum na iso na tarar da su cike. Ni na ɗauka magini ne ya sa leburorinsa, shi kuma ya ɗauka ni na yi hayar mai ruwa. Ashe matar nan ce, tun ranar da aka buga bulon farko. Da gari ya waye sai ta gangara rafi da daro, ta hau, ta sake gangarawa, har sai durorin sun cika, sannan ta wuce gonar mutane. Wanda ya san gangaren rafin nan ya san abin da nake faɗa, ni da hannu wofi ma sai na huta a hanya.

Na miƙe da zafina na ce gobe zan ƙara layi a allon, in rubuta ruwa, sunanta a sama da na kowa. Ta ce, "Don Allah kada ka yi. A wurin mu in ana gini, mata suna kawo ruwa, ba wanda ya aike su, ba wanda ya kira suna. In ka rubuta, za a ce an ba Maman Rifkatu layin ruwa don ba shi da komai. Wannan ya fi na farko ciwo."

Na fito na rasa inda zan sa kaina. In rubuta, na ci mutuncinta, in bari, yarinyar ta rasa jarrabawa. Na wuce gonar Baba Yohanna, na same shi yana baza ganye a kan kunyoyi, na zayyana masa komai. Bai ma ɗago ba ya ce, "Kana tsammani ita kaɗai ce? Wa yake dama kunun da 'yan gayya suke sha? Wa ya kwaso yashi daga rafi? Allonka ba shi da wurinsu." Na ce, "To Baba, yaya zan yi?" Ya ce, "Kai ka rubuta. Malami ai ya san yadda ake goge allo."

Faɗar ta fi yin sauƙi. Rufi bai hau ba, kwanon Mista Dogara bai iso ba, shi kuwa mutum ne da yakan tsayar da baƙinsa a bakin ƙofa ya nuna musu sunansa. Na san in na taɓa allon zan taɓa shi. Amma na auna, rufi zai iya jiran mako biyu, mai hoto ba zai jira ba.

Ranar Alhamis da safe yara suka yi layi, wasu iyaye kuma suna nan don ranar ce za a fara ɗaga bango. Bayan addu'a ban buɗe littafin sunaye ba. Na ɗauki bokiti, na je na ɗebi ruwa a duro, na zo na watsa wa allon, na bi da tsumma har ya koma baƙi ƙirin. Na ce, "Kuskuren nawa ne. Akwai waɗanda suka ba makarantar nan abin da allon nan ba shi da layinsa. Daga yau ba kiran suna. Ranar da aka gama ginin aji, gari duka za mu tafa wa."

Mista Dogara ya gyara hula ya ce, "Hedimasta, nawa sunan fa?" Sai Baba Yohanna ya ce, "Simintinka yana cikin bango, Dogara. Can ba mai wankewa." Wasu suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya yi mako biyu ba ya amsa gaisuwata, kwanon kuma sai da ruwa ya sauka sosai ya iso, aji shida suka ƙara wata guda a ɗakin coci. Ban ga laifinsa ba, ni na koya masa son allon.

Maman Rifkatu tana tsaye a bayan duro da daronta na sawun ƙarshe, ta ga komai. Ta juye ruwan, ta mayar da abin da na ɗiba, ta tafi. Rifkatu kuwa ba ta zo ranar ba, na wuni ina leƙen hanya.

Juma'a mai hoto ya iso da wuri, ya rataya farin ƙyalle a jikin bangon ofis, Malama Kande ta fara kiran yara bisa rajista. Ina tsaye a baranda sai na hango mutum biyu suna hawowa daga rafi, kowa da daro a ka. Uwar a gaba, 'yar a baya, cikin kayan makaranta. Rifkatu ta juye nata a duro, ta kife daron, ta goge fuska da hannu, ta zo ta shiga layi kamar jiya ma tana nan. Malama Kande ta so ta aika a aro mata wata riga don ruwa ya jiƙa kafaɗarta, na ce a bar ta haka.

Ta ci jarrabawar, yanzu tana karatun jinya. Daga baya na riƙe makarantu biyu, na yi gidauniya a kowace, ban sake jingina allo a bakin ƙofa ba. Abin da na koya shi ne iyayen ƙauye ba sa rowar makarantar 'ya'yansu, mu ne muke tambaya da ma'auni ɗaya, duk wanda bai shiga ciki ba mu ɗauka bai ba da komai ba. Kuma duk abin da ka yi wa uba ko uwa a gaban asambuli, yaron ne yake ɗaukarsa ya tafi da shi gida. In kun tarar da duro a cike, ku tambayi wanda ya cika shi.

Na roƙi mai hoton ya wanke mini kwafi ɗaya, yana cikin Littafi Mai Tsarki na har yau. Hoton ƙarami ne, irin na fom, fuska da kafaɗu kawai. Yarinyar ba ta yi murmushi ba, tana kallon gaba, kafaɗarta ta dama a jiƙe.