Dogo Mai Gadin Eriya da Ragon Surukarsa

Dogo na Mahuta gajere ne, kai har akuya ba ta ɗaga kai in za ta dube shi. Ya yi noman masara, tsutsa ta cinye. Ya koma sayar da rake a bakin tasha, ya shanye jarin da bakinsa. Sai da kamfanin waya ya kafa eriyar nan mai tsawo a bayan gari aka ba shi gadi, sannan matarsa Zuwaira ta fara fita biki da ƙafa biyu.

Aikin ba wuya. Sai dai eriyar tana da tsegumi. Da janareta ya mutu, ita da kanta take kai ƙara ofis a Funtuwa, ƙararrawa ta kama ihu a kwamfuta, a taso mota a guje. Shi ya sa in makanike zai zo juyen mai, tunda sai an kashe janareta, dole Dogo ya kira ofis tukuna su toshe bakin ƙararrawar, a gama, ya sake kira su buɗe.

To Dogo mantuwa gare shi. Karon farko da ya manta, sai ga farar mota mai buɗaɗɗen baya ta zo, ba abin gyara, za ta koma wayam. Mutanen Mahuta kuwa ba sa ganin mota wayam su ƙyale ta. Buhun barkono, kaji, wata mai ciwon haƙori, duk aka loda. Daga nan ranar juyen mai ta zama ranar zuwa Funtuwa.

Da abin ya ishi Injiniya Sa'adiya, shugabarsu, ta kira shi. "Malam Dogo, in ƙararrawar ƙarya ta sake tayar mini da mota, ka ajiye makulli ka koma rake."

Ana gobe juye sai ga Gwaggo Baturiya, uwar Zuwaira, daga Ɗanja, janye da rago. Jikarta ce ta haihu a Funtuwa. Ta tsaya bayan zana, don suruki ba a haɗa ido da shi, ta ce, "Zuwaira, gaya wa mijinki gobe kada ya toshe abin nan. Ni da ragon suna za mu bi motarsu."

Dogo ya durƙusa yana duban ƙasa, ya ce, "To, Gwaggo."

Da safe ya shige bayan janareta, ya kira ofis da raɗa, aka toshe. Amma bakin da zai gaya wa suruka, babu. Ta shimfiɗa tabarma gindin eriya, ta ɗaure rago a ƙofa. Makanike ya zo, ya juye, ya tafi a babur ɗinsa. Rana ta take. Da Dogo ya ga ta fara waige-waige, sai ya kama tsanin eriya ya haye, wai zai hango mota.

"Ka gan ta?"

"Ƙura dai nake gani, Gwaggo!"

"Ƙurar ubanwa? Shanu ne!"

Yana can maƙale ya kira ofis su buɗe ƙararrawa. Injiniya ta ce madalla, yau ya yi aiki irin na manya. Shi kuwa daɗi ya kwashe shi, ya ɗaga murya, "Ai tun safe na sa aka toshe, ranki ya daɗe!"

Kunnen Gwaggo ras yake. Sai dai akwai kunyar suruki. Rago ta juya ta gaya wa: "Ka ji ko? Tunda ya hana mu mota, shi ne motar."

Haka Dogo ya sauko, ya aro babur, rago a kan tanki yana tauna masa hula, Gwaggo a baya ta sa ƙullin kaya tsakaninsu. Makulli yana nan a aljihunsa har yau. Mutanen gari kuma sun daina tambayar farar mota. Ranar juye, ƙofar Dogo suke kai buhunansu.